Daminar da Na Ba Yayana Riƙon Ɗana

Ni malamar firamare ce a Kazaure, na fi shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san bakina ba shi da linzami. Hedimasta ya sha, iyayen yara sun sha, masu nama a kasuwa ma sun sha. Amma akwai mutum ɗaya da ban taɓa ɗaga ido na yi masa magana kai tsaye ba har ya kai shekara ashirin da huɗu. Ɗana ne na fari.

A gidanmu da jinin Fulani ta wajen uwa, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Roni, a ɗakinta ya girma, ya taso yana kirana Adda kamar yadda ya ji ƙannena suna kirana. Sai da ta rasu ya dawo hannuna, lokacin ya zama saurayi, mahaifinsa kuma ya riga ya kwanta dama. In zan ba shi abinci sai in ce da ƙanwarsa, "Ki kai wa wancan." In zan yi masa faɗa sai in juya ina gyaran gado ina ta magana, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare. Haka na ga an yi wa babban yayanmu, haka na yi, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Da ya gama sakandare bai ci gaba ba, sai ya kama acaɓa tsakanin Kazaure da Roni. A tasha ya koyi ƙwaya. Tiramol suke ce mata, wai tana kashe gajiya da ciwon baya, mutum ya wuni a kan babur bai ji komai ba. Na daɗe ina ganin alamu ina kawar da kai: abinci ya dawo yadda aka kai shi, susa kamar mai ƙazuwa, fushi ba gaira ba dalili. Ƙanwarsa ce ta fara tsintar katin maganin a aljihun wandonsa tana wanki, 'yan kafso masu kore da ruwan ɗorawa, ta kawo mini. Na karɓa na jefa a murhu na ce ta kama bakinta.

Wata ranar kasuwa abin ya fito fili. Yana tafe da fasinja sai jikinsa ya sandare, ya faɗi daga kan babur yana fizge-fizge, kumfa na fita ta bakinsa. Allah ya taimaka ba gudu yake ba. Abokan sana'arsa suka kawo mini shi da hannu a kwaile, ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ba aljanu ba ne. Ƙwaya ce ta yi masa yawa." A ranar na san in ban tashi ba, wata rana gawarsa za a sauke mini a ƙofar gida.

Na shiga neman inda ake maganin wannan abu, kuma na sha wuya, domin tambaya ce da ba ka iya yin ta da ƙarfi. Kullum sai in ce ɗan wata ƙawata ne. An ce rubutu, na karɓo, ya sha. Wani mai kemis ya ce in ba shi wata ƙwayar ta sa barci, na ce masa ashe kai ma abokin gaba ne, na fito. Aka kwatanta mini wani mutum can gaba da Babura, kusa da iyaka, wai har daga Nijar ana kawo masa samari. Na shirya ranar Asabar ni kaɗai na tafi. Na tarar da samari jere a inuwar katanga, kowa da mari a ƙafa, wasu idon sawunsu ya yi gyambo. Mai gidan ya ɗauko dorina yana nuna mini yana murmushi, kamar mai tallan atamfa. Ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

Wata nas, ƙanwar abokiyar aikina, ita ta gane ɗan ƙawar nan tawa ko waye. Ta bari sai da muka keɓe ta ce, "Malama, kin zagaye duniya, abin kuma yana cikin garinku." Asibitin da muke kira na mahaukata take nufi, wanda ko wucewa ta ƙofarsa za mu yi sai mun ƙara sauri. Ta ce ba masu taɓin hankali kaɗai ake gani a can ba, har masu fama da ƙwaya. Likita zai duba shi, a ba shi abin da zai sauƙaƙa masa wahalar bari, a riƙa zaunar da shi ana magana da shi. Babu mari, babu bulala. Sharaɗi ɗaya ne, ta ce, sai da wani nasa da zai riƙa rako shi yana zama tare da shi a gaban likita. Ta ce mu zo ranar Litinin.

Shi ma ɗan nawa faɗuwar nan ta tsorata shi. Ya aiko ƙanwarsa ta gaya mini ya bari. Na ga yadda ya bari ɗin kuwa: kwana da kwanaki yana kwance a ɗaki, gumi, gudawa, hamma, yana murƙususu yana cizon matashi. Ni kuma ina tsakar gida ina dama kunu ina aikawa, ina kasa kunne. Ya yi sati biyu cur bai sha ba, da ƙarfin kansa. Da aka gaya masa maganar asibiti ya ce zai je.

Sai na yi abin da kowace macen da mijinta ya rasu take yi a wurinmu. Ba ka yanke babbar magana a kan ɗa ba tare da ka sanar da namijin gida ba. Na kira Yaya.

Dole in faɗi ko wane ne Yaya a wurina, don kada a ce wauta ce kawai ta ɗebe ni. Shi ya riƙa goya ni a keke zuwa makaranta. Da na ci jarrabawar kwalejin horon malamai, shi ya sayar da tunkiyarsa ya saya mini akwati da bokiti. Ranar da mijina ya rasu shi ya fara isowa, shi ya tafi a ƙarshe. Babban manomi ne a wani ƙauye ta wajen Gwiwa, gero da dawa da gyaɗa, mutum mai sallar jam'i da yawan kyauta. In Yaya ya ce mini wuta sanyi gare ta, a lokacin zan sa hannu.

Ya zo washegari. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai ina kallon tabarma. Da na zo kan asibiti sai ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

"Asibitin mahaukata? Ke da iliminki? Ranar da aka ga yaron nan ya shiga ƙofar nan, ƙannensa mata sun gama auruwa. Wa zai nemi iri a gidan da aka ce da hauka?"

Na ce nas ta ce ba haka ba ne.

"Nas ba ta da 'ya'ya mata a gidanki. Ba ni shi. Ga damina ta kama. A wurina babu tasha, babu abokai, babu kemis. Ya kama fartanya ya yi gumi, gumin nan shi zai fitar da dattin daga jininsa. Ɗana ne, ba sai kin roƙe ni ba."

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro ya gagara, a tura shi gidan kawu ya gyaru, haka aka saba. Amma zan faɗi gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: sanyi na ji a raina. Tun da nas ta ce sai na zauna kusa da shi a gaban likita nake jin nauyin abin kamar dutse. Yaya ya ɗauke mini wannan nauyi, ya kuma ba ni hujja mai kyau. Ban tambayi mai jikin ko yana so ba. Na ce da ƙanwarsa ta haɗa masa kaya, ya hau bayan babur ɗin kawunsa da jakarsa a cinya, ni ina ɗaki ina jin tashinsu.

Duk daminar nan a waya nake jin labari, shi ma a kaikaice, tunda ba zan buɗe baki in tambayi lafiyarsa ba. Sai in ce, "Yaya, ya ruwa? Ya mutanen gida?" Shi kuma ya san inda na dosa, sai ya yi dariya.

"Mutuminki fa ya zama namiji. Shi kaɗai aikin mutum uku yake yi. Tun hantsi har la'asar ba ya ɗago kai. Noman firin bana ban san wahalarsa ba."

Na yi sujada a tsakar ɗakina. Na aika da sabulu da ƙuli-ƙuli da sabuwar taguwa, na ce a raba wa yaran gida, na san za a gane. Da na haɗu da nas a hanya har da ɗan ɗaga kai na ce mata an samu sauƙi, ba sai mun zo ba. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa. Ƙofa dai a buɗe take."

Cikin hutun Agusta surukar Yaya ta haihu, na tafi kwana biyu kafin suna don in kama aiki. Na isa da yamma aka ce 'yan gona ba su dawo ba, da suka dawo kuma ina cikin mata, ban fita ba. Da safe na tarar da matar Yaya tana dama kunun tsamiya a babban bokitin roba, na 'yan ƙwadago. Na karɓi muciya na ce ta huta. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙar leda, ta zauna kusa da ni, ta zaro kati. Kore da ruwan ɗorawa. Ta riƙa ɓare kafson ɗaya bayan ɗaya tana zazzage garin a cikin kunun da nake juyawa, tana ba ni labarin ragon suna.

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Mene ne wannan?"

"Maganin gajiya ne, Gwaggonsu. Maigida ke sayowa ranar kasuwa. Yanzu in ba ka sa ba, 'yan ƙwadago ba sa zuwa gonarka, sai su tafi inda ake sawa. Tsamiya ke ɓoye ɗacin."

Na ce, "Wancan ma yana sha?"

"Ɗanki? Ai shi nasa daban nake zuba masa a kwano. Maigida ya ce 'yan birni sun saba, kaɗan ba ya kama shi."

Ko a jikinta. Daga baya na gane baiwar Allah ba ta ma san dalilin kawo shi ba, ce mata aka yi ya zo taya kawunsa aiki. Na ɗauki bokitin nan da hannu biyu na tuntsurar da shi a tsakar gida, kunu ya malale har bakin turken awaki. Ta yi salati tana tambayar lafiya. Na ja mayafina na ce a nuna mini hanyar gona.

Tafiya ce mai ɗan nisa, ban ji ta ba. Gonar gyaɗa ce, ana maimai, wato noma na biyu. 'Yan ƙwadago huɗu suna zaune a bakin kunya suna jiran kunu, mutum ɗaya ne kawai a duƙe yana aiki. Da ba don taguwar da na aiko ba da ban gane shi ba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ya yi baƙi ƙirin, hannunsa na rawa a kan ƙotar fartanya, amma bai fasa sara ba. Yaya yana gindin ɗorawa a kan buhu, rediyo a gefensa.

Tun da nake ban taɓa tsayawa a kansa ban durƙusa ba sai ranar. Ya ɗago ya ce, "Ke, ba gaisuwa?"

Na ce, "Yaya, me kake ba ɗana?"

Ya kashe rediyo. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Da ya rantse ya ce bai sani ba, da na samu abin riƙewa.

"Kowa na sawa. Ki zagaya gonakin nan ki tambaya. Wannan ba shaye-shaye ba ne, aiki ne. Ɗan ƙwaya shi ne wanda zai sha ya je tasha ya kwanta."

"Na gaya maka ita ta kayar da shi a kan babur. A kan tabarmata ka zauna na gaya maka. Sati biyu ya yi bai sha ba ka ɗauko shi!"

"To da na kawo shi fa? Kwana uku yana jan jiki, ya yi kunya ɗaya ya zauna yana haki. Ciyawa za ta jira shi ne? Na ce a ɗan sa masa ya samu ƙarfi, in jiki ya saba a janye. Ni na rufa miki asiri, na hana a kira ɗanki mahaukaci, yau ni kike ɗaga wa murya a gaban 'yan aiki?"

Na ce zan tafi da shi yanzu. Sai Yaya ya kalli gonar, daga inda aka nome zuwa inda ya rage, ya sassauta murya kamar mai lallashi.

"Ki bari a gama maimai. Bai fi sati ba. In an gama ki kai shi duk inda kike so."

Wannan maganar ce ta raba ni da Yaya. Duk abin da ya faɗa kafin ita zan iya cewa jahilci ne, ko son zuciyar da ke kama kowa. Amma ya ga ɗan ƙanwarsa yana rawar jiki a rana, ya auna shi da sauran kunyoyin gyaɗa, gyaɗa ta rinjaya. Na ji kamar an zare mini wani abu daga ciki. Ban yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce nan.

Na tattare zanina na shiga cikin gonar ina taka gyaɗar da gangan. Na tsaya a bayansa na kira sunansa. Sunan ya fito mini wani iri, kamar ba da bakina ba. Bai waiwayo ba sai a kira na biyu, ya saki fartanya yana kallona baki buɗe. Na ce, "Taho mu tafi gida." Ban tsaya suna ba. An ce mata sun yi ta maganata har aka watse, wai boko ya sa na raina na gaba da ni.

Shekara biyu ke nan. Muna zuwa asibitin nan, ta babbar ƙofa muke shiga, wanda zai gani ya gani. Ba zan ce ya warke sarai ba. Ya taɓa komawa sau ɗaya, muka sake farawa. Ya bar acaɓa, yana koyon gyaran injin ban-ruwa, ya yi ƙiba har taguwar ta matse shi. Ƙanwarsa ta yi aure bara, ba wanda ya tayar da maganar hauka. Yaya kuwa muna haɗuwa a wurin gaisuwar mutuwa, in durƙusa in gaishe shi saboda idon mutane, ya amsa yana kallon gefe. Ya aiko mini da buhun gyaɗa bayan girbin shekarar, na sa aka mayar masa a motar da ta kawo.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a gona ya faru ba, a ɗakin likita ne, ranar Litinin ɗin farko. Likitan matashi ne, ba ya gaggawa. Ya sa muka zauna a benci ɗaya, kafaɗata na gogar tasa. Ya tambaye shi yaushe ya fara, nawa yake sha, yaushe ya bari. Sannan ya ce, "Da ka je gona, yaushe ka koma?"

"Rana ta huɗu."

"Ka san akwai ta a cikin kunun?"

"Tun kurɓar farko na sani."

"Kana da waya. Me ya hana ka gaya wa wani a gida?"

Ya murza yatsunsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ɗauka ta sani. Ita ta tura ni, ba ta ce mini komai ba. Na ɗauka sun yi magana da Kawu ne, tunda na riga na lalace, gara a mori ƙarfina."

Likita ya ci gaba da rubutu bai ɗago ba. Wata biyu da rabi ɗana ya yi yana shan kwanon nan kowace safiya, yana ganin da yardata ake ba shi. Na juya na kama hannunsa, na dube shi ido cikin ido, na ce wallahi ban sani ba. Na rantse masa da Allah sau uku a gaban baƙo.

Ya ce, "To, Adda."

Irin amsar da yaro mai tarbiyya yake ba babba ce don kada ya musa masa. Har yau ban san ko ya yarda ba. Duk ranar da za mu koma ganin likita sai na sake gaya masa a hanya, shi kuma ya ce to.